SHARHI: Hunturu a Gyallesu: su wa ke kwana a waje, kuma wa ke biyan kuɗin ɗumi?

Tsakanin ƙarfe huɗu na dare da kiran assalatu, lokacin da sanyin hunturu ke kai maƙura, titunan Gyallesu ba sa rasa mutane. Mai gadin shaguna yana kan benci ya dunƙule cikin bargo, gabansa gwangwanin garwashi da ya fara zama toka. Mai shayi ya hura wuta yana jiran masu fitowa daga masallaci. Ɗan garuwa ya turo kura, ruwan jarkoki na fantsamo masa a ƙafa. Ɗan acaɓa ya naɗe fuska da rawani har idanu kaɗai ake gani, yana dakon fasinjan da zai kai tasha. A wasu zaurukan kuwa yara almajirai ne kwance jikin juna kan tabarma, kowa ya cusa hannuwa cikin riga.

Kowace shekara haka abin yake, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma saboda an saba da shi ba a cika ɗaukarsa a matsayin labari ba. Sunan Gyallesu ya karaɗe duniya ne a Disamban 2015, sanadin arangamar sojoji da mabiya Harkar Musulunci ta Sheikh Ibrahim Zakzaky. Amma unguwar, wadda ke maƙwabtaka da Tudun Wada da Kongo, mazaɓa ce guda cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Zariya, cike da ɗalibai da ƙananan ma'aikata da masu sana'ar hannu, kuma da yawa daga cikinsu abincinsu yana waje ne, a daidai sa'o'in da mai hali ke jan bargo na biyu.

Me ya sa digiri 14 ke zama matsala?

Wanda ya zauna a Turai ko Kanada zai iya yin murmushi idan ya ji ana kukan sanyi a Zariya. Garin yana kan tudu ne mai tsayin sama da mita 600 daga teku, kuma a watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 14 a ma'aunin salshiyos da asuba, wasu ranakun ya gangara kusa da 10, sannan da rana ya haura zuwa wajen 30. Ba a taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. To ina abin tsoro?

Amsar tana cikin yanayin iskar da kuma shirin wanda take bugawa. Iskar hunturu tana tasowa ne daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, ta iso nan babu laima a cikinta. Busasshiyar iska da sararin sama marar gajimare suna barin zafin da ƙasa ta tara da rana ya tsere da dare, shi ya sa sanyin ya fi tsanani gab da fitowar rana. Jikin mutum kuma yana riƙe zafinsa ne a wajen digiri 37. Idan ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari. Ba sai waje ya daskare hakan ke faruwa ba: jiƙaƙƙiyar riga da iska mai kaɗawa da ciki marar abinci sun isa su kai mutum can a daren da ma'auni ke nuna 12.

Wani babban bincike da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2015, wanda ya duba mace-mace sama da miliyan 74 a ƙasashe 13, ya gano cewa sanyi na da hannu a mutuwar mutane kusan ninki 20 na waɗanda zafi ke kashewa, kuma mafi yawan wannan ɓarna matsakaicin sanyi ne ke yin ta, irin wanda ba ya sa a rufe makarantu. Babu ƙasar Afirka a cikin waɗanda aka duba, amma hanyar da sanyin ke bi iri ɗaya ce a ko'ina: yana matse jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, yana tayar da asma, yana buɗe wa ciwon haƙarƙari ƙofa a jikin ƙananan yara da tsofaffi. A nan kuma ga ƙura a kai.

A Nijeriya mafi yawan mace-mace ba a yi musu rajista. Tsohon da aka tarar ya cika a rumfar kasuwa da safe, kafin azahar an yi masa sutura, kuma iyakar bayanin da za a ji shi ne sanyi ya kama shi, ko kuwa kwana ya ƙare. Abin da ba a ƙidaya ba kuwa da wuya ya samu gurbi a kasafin kuɗi.

Ɗumi ya zama kayan masu kuɗi

Hanyoyin da talaka ke jin ɗumi ba su da yawa: wuta, tufafi, abinci mai zafi da ruwan ɗumi. Dukkansu sun yi tsada a lokaci guda.

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kananzir ya daɗe da barin gidan talaka, litarsa ta wuce naira 1,000, tukunyar gas mai kilo 12.5 kuma ta haura naira 15,000 a 2024. Gidajen da suka koma gas a shekarun baya da yawa sun juyo kan gawayi da itace, kuma duk wanda ya juyo ya ƙara wa mai gadi da mai shayi abokin takara a wurin mai gawayi.

Shi kansa gawayin yana da tasa siyasar. A 2021, cikin matakan yaƙi da 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Kaduna ta hana sare itatuwa a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Giwa da Birnin Gwari. Dazukan da ake ƙona gawayi a cikinsu su ne dazukan da ake tsoron shiga. Motar da za ta ɗauko shi tana shan mai mai tsada. Kafin buhun ya iso bakin titi a ƙulla shi a leda, kowane ɗayan waɗannan ya ɗora nasa.

Inda gawayi ya gagara, abin da ya samu ake ƙonawa: kwali, leda, tsohuwar taya, robar da aka tsinto a bola. Duk wanda ya bi ta bakin tashoshin mota da sassafe ya san wannan baƙin hayaƙin. Mutanen da ke kewaye da irin wannan wuta suna samun ɗumi a tafin hannu, suna kuma zuba wa huhun da ƙura ta riga ta gajiyar da shi guba.

Wutar lantarki ba ta taɓa zama abin ɗumama ɗaki ga yawancin mutanen Zariya ba, amma ita ce ke tafasa ruwan wanka a ɗakunan ɗalibai da gidajen haya. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta samu layin da ke hawowa daga kudu maso gabas. Da abin ya faɗo a Janairu, da an ji a jika fiye da haka.

Daga gwado zuwa gwanjo

Batun tufafi ya fi ban takaici, domin a nan ne aka fi ganin abin da yankin ya rasa. Ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce. Masaƙan gargajiya suna saƙa gwado da luru, masu kauri da nauyi, waɗanda ake gadonsu daga uba zuwa ɗa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa da ke ɗaukar dubban ma'aikata. Masaƙar ta rufe a 2002, sauran ma ɗaya bayan ɗaya suka durƙushe.

Yau rigar sanyin da ke jikin ɗan acaɓa a Gyallesu kusan tabbas gwanjo ce, an ɗinka ta a Asiya, wani ya sa ta a Turai ko Amurka ya gaji, aka ɗaure ta a dila. Abin mamakin shi ne tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da dokar kwastam ta haramta shigo da su Nijeriya. Suna shigowa duk da haka, yawanci ta Kwatano, kuma kuɗin kowace hanya da suka ratsa yana cikin farashin da mai saye zai biya a Sabon Gari ko kasuwar Tudun Wada. Haramcin an yi shi ne domin kare masaƙun cikin gida. Masaƙun sun mutu, haramcin yana nan, dila kuma da dala ake sayenta. Sakamakon shi ne talakan Zariya yana biyan kuɗin kariyar wata masana'anta da ba ta saƙa masa ko safa ɗaya.

Mai gadi, ɗan sintiri, ɗan acaɓa

Akwai waɗanda kwana a waje shi ne aikinsu. Taɓarɓarewar tsaro ta sa unguwanni da yawa a Zariya sun kafa shingaye suna biyan matasa su yi sintiri, gwamnatin Uba Sani kuma ta ɗauki mutum 7,000 aikin rundunar sa-kai ta jiha, KADVS, a 2023. Idan ana maganar kayan aikin irin waɗannan mutane, tocila da takalmi da abin kare kai ake lissafawa. Rigar sanyi da wuya ta shiga lissafi, alhali mutumin da sanyi ya takura zai nemi lungu ya ɓuya ko ya manne wa wuta, wanda ke zaune gaban wuta kuwa idonsa ba ya ganin abin da ke cikin duhu, shi ne ake gani. Ko ta fuskar tsaro zalla aka duba, jaket ɗin ɗan sintiri kayan aiki ne.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta sa naira 70,000, Jihar Kaduna ta ce za ta biya 72,000, wato naira 2,400 a rana. Sai dai dokar ba ta hau kan wuraren da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Mai gadin gida ko na jerin shaguna, wanda ake haɗa masa kuɗi a ƙarshen wata, yana wajen wannan rumfa gaba ɗaya. Babu takardar ɗaukar aiki, babu wanda doka ta ɗora wa saya masa bargo, kuma ranar da ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, wani ake kawowa ya zauna kan bencin.

Shi ɗan acaɓa iska ce abokiyar gabarsa. Gudun babur yana mayar da sanyin asuba ya zama kamar wuƙa a ƙirji, domin iskar tana share ɗan ɗumin da fata ta tara. Dabarar da wasu ke yi ta cusa kwali ko buhu a ƙarƙashin riga tana da tushe: abin da ke tare iska daga waje, tare da riguna biyu ko uku marasa matsewa daga ciki, ya fi riga ɗaya mai kauri amfani, saboda iskar da ta maƙale tsakanin rigunan ita ce ke riƙe zafi. Dabarar da ba ta da tushe ita ce ta ƙwaya. Tramol da makamantansa ba sa ɗumama kowa. Suna dusashe jin sanyin ne kawai, jiki na ci gaba da hucewa mai shi bai sani ba. Taba ma tana ƙara matse jijiyoyin yatsu.

Ɗan garuwa da manomin rani da ke ban-ruwa a bakin Kubanni matsalarsu jiƙa ce. Ruwa yana janye zafin jiki da sauri fiye da iska nesa ba kusa ba, kuma auduga idan ta jiƙe ta daina kare kowa. Takalmin roba mai tsawo da busasshen wando na canji su ne bambancin. Faso da kaushi da ake yi wa dariya, idan suka tsage har jini a ƙafar da ke taka ruwan kwata, sun zama ƙofar cuta. Man kaɗanya ko basilin a nan magani ne, ba kwalliya ba.

Yaran zaure

Babu wanda hunturu ke samu a buɗe kamar almajiri. Jikin yaro ƙarami yana zubar da zafi da sauri fiye da na babba, yaron da ya kwana da yunwa kuma ba shi da abin da jikinsa zai ƙona. Siminti yana zuƙe ɗumi daga wanda ya kwanta a kansa fiye da yadda iskar ɗaki ke yi, don haka kwali biyu a ƙarƙashin tabarma kan yi aikin da mayafi na biyu ba zai yi ba.

Tsohon tsarin makarantar allo yana da nasa tanadin. A ƙauye yara kan yi itace da kara da rana, da dare a hura wutar karatu a fili, ta ba da haske ta ba da ɗumi, ga hatsin da malam ya noma. Da makarantun suka shigo birni, gona ta tafi, itacen ya koma na saye, filin ya zama zaure mai ƙofa ɗaya da ake cusa yara da yawa a ciki. Wutar da ba ta da haɗari a fili tana da shi a nan ta hanyoyi biyu. Na farko gobara: a farkon Fabrairun 2025 wuta ta tashi da dare a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda ta Jihar Zamfara, yara 17 suka rasu. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana fara wa da ciwon kai da jiri, sai barci mai nauyi, kuma masu barci ba sa farkawa su buɗe taga. Kaskon wuta da uwa ke shigarwa ɗaki don tausayin 'ya'yanta yana ɗauke da wannan haɗari, haka ma janareta da aka tayar a baranda.

Gwamnatoci sun taɓa wannan batu ta hanyoyin da suka bar zauren yadda yake. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Nasir El-Rufai da takwarorinta na Arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu, aka kuma ce an soke tsarin. Duk mai zagaya Tudun Wada da dare ya san inda maganar ta kwana. A watan Mayun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Muhawarar ko a gyara tsarin ko a rushe shi za ta ɗauki shekaru, kuma ta cancanci a yi ta. Amma yaron da ke zaure yau da dare ba zai jira ƙarshenta ba, kuma bargo da taga mai buɗuwa ba sa buƙatar a fara sasanta malamai da 'yan boko.

Yana da kyau maƙwabta su san alamun haɗari. Karkarwa alama ce jiki yana faɗa. Idan karkarwar ta tsaya alhali mutum na cikin sanyi, magana ta fara sarƙewa, ya rikice ko barci ya rinjaye shi, abin ya yi nisa. A cire masa jiƙaƙƙen kaya, a raba shi da ƙasa, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai, a ba shi abin sha mai ɗumi idan yana cikin hayyacinsa, a garzaya asibiti. Kada a murza masa hannuwa da ƙafafu da ƙarfi ko a tsoma shi cikin ruwan zafi.

Aikin wa ne?

Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da gargaɗin ƙura a kai a kai, amma mafi yawansa harshen jiragen sama yake yi: nisan da ido ke iya gani, tashi da saukar jirgi. Hukumomin agajin gaggawa, NEMA da ta jiha, an fi ganinsu bayan ambaliya ko gobara. Sanyi yana faɗawa tsakanin ofisoshi, domin ba ya rushe gida a gaban kyamara.

A wasu wuraren an ba shi gurbi. Birnin Delhi na Indiya yana da ɗakunan kwana na dare da gwamnati ke ƙara yawansu duk lokacin sanyi. A Faransa doka ta hana korar ɗan haya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Ba lallai Zariya ta kwafi ko ɗaya ba. Abin lura shi ne an ɗauki sanyi a matsayin abin da ake sanin ranar zuwansa, aka yi masa tanadi a rubuce, maimakon a bar shi ga tausayin wanda ya tuna.

A nan kuwa tausayin ne kaɗai tsari. Ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai da masallatai suna tara kayan sanyi su raba, kuma aikinsu abin yabo ne. Rauninsa shi ne yakan zo a makare, tsakiyar Janairu bayan hotunan yara sun fara yawo a Facebook, yakan taru a makarantun da ke bakin titi, kuma babu mai lissafin wa ya samu wa bai samu ba. Jerin makarantun allo da ke mazaɓa guda, da adadin yaran da ke kwana a kowace, da yanayin ɗakin, aiki ne da kansila da masu unguwanni za su iya gamawa cikin makonni kaɗan. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Idan 'yancin da ake ta magana a kansa yana da ma'ana, irin wannan ƙaramin aiki ne zai fara nuna ta. Zariya kuma ba ta rasa manya ba: mazaɓar tarayyar da Gyallesu ke ciki ita ce ta Kakakin Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas.

Kalanda ma tana matso da batun. Watan Ramadan yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara: a 2027 zai kama a farkon Fabrairu, a 2028 a ƙarshen Janairu, daga nan ya shige tsakiyar hunturu ya zauna shekaru. Ma'ana, tarawihi da tahajjud a harabar masallatai, da yawon neman sahur na almajirai, da fitar masu sayar da abinci da tsakar dare, duk za su koma cikin sa'o'in da suka fi kowane sanyi. Masu rabon shinkafar azumi za su tarar da mabuƙatan da bargo ya dame su kamar hatsi.

Kafin nan akwai kamfen ɗin zaɓen 2027, wanda zafinsa zai faɗo cikin hunturu. Za a buga dubban riguna da huluna masu hoton 'yan takara a raba a Gyallesu da Tudun Wada, kamar kowane zaɓe. Yawancinsu 'yan shara-shara ne masu gajeren hannu, kuma a jikin 'yan garuwa da almajirai za su ƙare, a sa su da asuba a kan wata rigar.